Kafin wuƙa ta sauka: hakkin da saniya ke bin mu

A makon jiya, ina dawowa Kano daga Abuja, motarmu ta tsaya a wani gari da manyan motoci ke yada zango. Kusa da inda muka yi alwala akwai tirela maƙare da shanu, ta nufi Kudu. An ɗaure ƙahonninsu da jikin katako, wuyansu a lanƙwashe, an cusa su har babu wadda za ta iya juyawa. Wata farar saniya ta durƙushe a tsakiya, sauran suna tattaka ta, yaran motar su biyu suna ƙoƙarin tayar da ita: ɗaya yana murɗe mata wutsiya, ɗaya yana zabga mata sanda a hanci. Na tambayi babban cikinsu yaushe aka yi lodi, ya ce tun shekaranjiya da yamma. Na ce, "To samari, sun sha ruwa kuwa?" Ya dube ni yana dariya ya ce, "Haba Alhaji, ai yanka su za a yi."

Wannan amsa ta tsaya mini a rai, domin yaron bai faɗe ta da mugunta ba. Ya faɗi abin da yawancinmu muka yarda da shi ba tare da mun furta ba, wato dabbar da ƙarshenta wuƙa ce ba ta da sauran hakki a kanmu. Kwana biyu bayan haka sai ga ɗan 'yar'uwata, ɗalibin jami'a, ya miƙo mini wayarsa yana nuna mini bidiyon wata gonar madara ta Turai, inda ake ɗauke maraƙi daga gaban uwarsa ranar da aka haife shi. Ya ce, "Kawu, ni fa na fara tunanin daina shan madara da cin nama gaba ɗaya." Cikin mako guda na ji bakin mutum biyu, ɗaya ya ce dabba ba ta da hakkin komai, ɗaya ya ce ba mu da hakkin taɓa ta, kuma ina ganin dukansu sun kauce hanya.

Ra'ayina shi ne cin nama da shan nono halal ne, kuma a ƙasa irin tamu larura ce ga miliyoyin mutane. Amma mun taƙaita halaccin ga 'yan daƙiƙun da wuƙa ke bi ta maƙogwaro, mun mance da kwanaki da shekarun da suka gabaci wannan lokaci. Muna tambayar mahauci ko ya yi bisimilla, ba ma tambayarsa ko dabbar ta iso mayanka da ƙafarta ko jan ta aka yi a ƙasa da karyayyen gwiwa. Abin da aka yi wa saniya a kan hanya, da abin da aka yi wa maraƙinta kafin nono ya shiga ƙwarya, suna cikin abin da za a tambaye mu.

"Ai Allah ya halatta mana"

Wannan ita ce hujjar farko da ake jefo wa duk wanda ya ɗaga maganar, kuma gaskiya ce. Suratun Nahl ta ce an halicci dabbobin ni'ima dominmu, muna samun abin ɗumi da sauran amfani daga gare su, kuma daga cikinsu muke ci. A surar dai an ambaci nono a matsayin abin lura, tsarkakakken abin sha da ke fitowa daga tsakanin tumbi da jini. Babu Musulmin da zai haramta abin da aka halatta.

Sai dai addinin da ya ba da izinin shi ne ya gindaya sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ba boyayyu ba ne. Duk yaron da ya yi Islamiyya ya haddace hadisin Shaddad ɗan Aus, wanda Muslim ya ruwaito, cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, idan za ku yi yanka ku kyautata yankan, mutum ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga raƙumin da yunwa ta sa bayansa ya manne da cikinsa, ya ce a ji tsoron Allah game da waɗannan dabbobi da ba sa magana, a hau su suna cikin ƙoshin lafiya, a ci su suna cikin ƙoshin lafiya. Ya ga wani ya kwantar da tunkiya sannan yana wasa wuƙa tana kallo, ya tambaye shi ko so yake ya kashe ta sau biyu. Labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa kuwa, babu masallacin da ba a taɓa karanta shi ba.

To, idan wasa wuƙa a gaban dabba kisa ne na biyu, kwana biyu ko uku a bayan tirela babu ruwa babu ciyawa kisa na nawa ke nan? Daga kasuwannin Maigatari, Potiskum, Mubi, Wudil da Illela ake lodin shanu zuwa Legas da Ibadan da Fatakwal. Daga Kano zuwa Legas kaɗai tafiyar ta kai kusan kilomita 1,000, ga ramukan hanya, ga shingayen masu karɓar kuɗi, ga lalacewar mota. Wadda ta galabaita a hanya ana gaggawar yanke ta kafin ta zama mushe, kuma a nan ake gane inda hankalinmu yake: tsoronmu kada a yi asarar kuɗin nama, wahalar da ta kai dabbar ga wannan hali kuwa ba ta cikin lissafi.

"Mutane ma ba su huta ba, balle dabba"

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba na raina ta. Yaron motar da ya yi mini dariya shi ma a saman katakon tirelar yake kwana, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A ƙasar da ake cusa fasinja huɗu a kujerar mutum uku, kuma marar lafiya ke kwana a barandar asibiti, wanda ya zo yana maganar ƙishirwar saniya zai iya zama abin dariya.

Amma ban taɓa ganin inda tausayin dabba ya rage wa mutum rabonsa na tausayi ba. Abin da na fi gani shi ne akasin haka. Mai motar da bai damu ko shanu sun sha ruwa ba shi ne dai wanda bai damu ko direbansa ya yi barci ba. Yaron da ya tashi yana ganin ana zuba wa sa barkono a ido don ya miƙe, ya koyi wani darasi game da abin da mai ƙarfi zai iya yi wa marar ƙarfi, kuma ba a kara, wato kasuwar shanu, kaɗai zai yi aiki da darasin ba. Ban da wannan, wahalar dabbar tana dawo mana a cikin tukunya. Saniyar da ta kwana uku a tsaye tana ramewa, jikinta yana kwanciyar jini saboda duka da gogayya, fatarta tana lalacewa, naman dabbar da ta jigata kafin yanka kuma yakan yi duhu ya yi saurin ɓaci. Majemi da mai kilishi sun san wannan tun kafin likitan dabbobi ya faɗa.

Ana kuma cewa gyaran zai ƙara wa nama tsada. Wani ɓangarensa zai ƙara, ban musa ba. Rage yawan shanun da ake ɗora wa mota ɗaya yana nufin ƙarin kuɗin mota a kan kowace saniya. Amma wuraren shayarwa a manyan zangunan hanya, da gangaren lodi maimakon a jefo dabba daga saman mota, da hana ɗaukar wadda ba ta iya tsayuwa, ba su ne za su gagari ƙungiyoyin fatake da ke karɓar kuɗin shiga a kowace ranar kasuwa ba. A shekarar 2016 an gwada ɗaukar shanu a jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Legas, aka yi ta murna, daga baya maganar ta bi ruwa. Mafita ta gaskiya ma ita ce a yanka dabbar kusa da inda aka kiwata ta, a kai naman Kudu cikin motoci masu sanyi, fata da ƙashi da aikin yi su zauna a Arewa. Shekaru ana faɗar haka a tarurruka, wutar lantarki da son zuciyar masu cin moriyar tsohon tsari suna hanawa.

Dokoki kuwa akwai su. Kundin hukunta laifuka da ake aiki da shi a Arewa tun 1960 ya haramta azabtar da dabba, haka ma na Kudu. Amurka tana da doka tun 1873 da ta hana a wuce sa'a 28 ana tafiya da dabbobi ba a sauke su sun ci sun sha ba. Tarayyar Turai ta ƙayyade wa shanu sa'a 14, a huta aƙalla sa'a ɗaya a ba su ruwa, a ƙara 14, sannan dole a sauke su su yini su kwana. Mu da muke da hadisin raƙumi tun ƙarni 14 da suka wuce bai kamata a ce sai mun leƙa Turai kafin mu san saniya tana jin ƙishirwa ba.

Nonon wa muke sha?

Maganar madara ta fi ta nama sarƙaƙiya, domin babu jini a cikinta, shi ya sa mutane ba sa zaton akwai abin tambaya. Saniya ba ta kawo nono sai ta haihu. Tana ɗaukar ciki wata tara, ta haifi maraƙi, nonon da ke hantsarta kuma dominsa aka yi shi. Duk ƙwaryar kindirmo da muka dama fura da ita, rabon wani maraƙi ne aka raba da mu. Tambayar ita ce yadda aka yi rabon.

A rugar Fulani rabon yana da tsari da kowa ya sani. Maruƙa suna kwana ɗaure a dangwali, da safe a kwance maraƙi ya je ya fara tsotsa, nono ya sauko, a janye shi a ɗaure kusa da uwar tana lasarsa, a tatsi abin da za a tatsa, a sake shi ya ƙarasa. Shanunmu irin su Bunaji da Rahaji da Bokoloji yawanci ba sa sakin nono idan ba su ga ɗansu ba, don haka halittar saniyar ce da kanta ta tilasta wa makiyayi ya bar uwa da ɗa tare. Abin da ake samu kaɗan ne, lita ɗaya zuwa biyu a rana, amma saniyar tana da suna, an san uwarta da kakarta, kuma takan tsufa a cikin garke.

Ba ina cewa ruga aljanna ce ba. Da rani, idan ciyawa ta ƙare, kuma kuɗin cefanen gidan gaba ɗaya yana cikin ƙwaryar da inna za ta ɗauka zuwa kasuwa, maraƙi ne ke biyan bashin. Ana tatse uwar ƙarƙaf, ka ga ɗan maraƙi haƙarƙari a waje, gashi a tashe, ciwo kaɗan ya kayar da shi. Wannan ma an yi magana a kansa. An ruwaito cewa Annabi ya umarci Dirar ɗan Azwar, da zai tatsi taguwa, ya bar saura a hantsar kada ya ƙafe ta. Ya umarci wani sahabi ya gaya wa iyalinsa su kyautata abincin 'ya'yan dabbobinsu, su kuma yanke farce don kada su ji wa hantsa ciwo wajen tatsa. Ya hana a ƙi tatsar dabba kwana da kwanaki don hantsarta ta cika a yaudari mai saye. Addinin da ya sauko har kan farcen mai tatsa bai bar wannan fage a buɗe ba.

Abin da ɗan 'yar'uwata ya gani a waya wani tsari ne dabam. A manyan gonakin madara na Turai da Amurka ana kiwon shanun Holstein, masu dabbare-dabbaren baƙi da fari, waɗanda aka yi ta zaɓen irinsu har saniya ɗaya tana ba da lita 30 a rana ko fiye. Ba ta bukatar ganin ɗanta kafin ta saki nono, saboda haka a yawancin gonakin ana raba su cikin sa'o'i ko kwanaki kaɗan bayan haihuwa. A ba maraƙin dakashi, sannan a ci gaba da shayar da shi a bokiti ko roba. Idan mace ce za ta gaji uwarta. Idan namiji ne, ba shi da nono kuma irinsa ba na nama ba ne sosai, sai a sayar da shi da wuri, a wasu wuraren ma a kashe shi yana ɗan kwanaki. Uwar kuwa ana sake yi mata baye ta hanyar allura bayan wata biyu ko uku, ta haihu kusan kowace shekara, ga kumburin hantsa da ciwon kofato, har idan nonon ya ja baya a tura ta mayanka tana da shekara biyar ko shida, alhali saniya tana iya kaiwa 20.

Masu wannan tsari suna da hujjarsu. Suna cewa raba su da wuri yana rage yaɗuwar cuta, yana sa a tabbatar kowane maraƙi ya sha abin da ya ishe shi, kuma rabuwar ranar farko ta fi sauƙi a kan ta bayan an shaƙu. Akwai gaskiya a ciki, kuma maraƙin bokiti da ya ƙoshi ya fi maraƙin ruga da yunwa ta kashe. Amma duk wanda ya taɓa jin kukan saniyar da aka sayar da ɗanta, yadda take kwana tana kiransa har muryarta ta dushe, ya san akwai abin da lissafin lita ba ya aunawa.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu shi ne wannan tsari yana tafe. Nijeriya ta dogara da madarar gari da ake shigowa da ita daga waje, gwamnati kuma tana son a samar a gida. A 2023 kamfanin Arla na ƙasar Denmak ya buɗe gonar madara a Damau, cikin ƙaramar hukumar Kubau ta Jihar Kaduna, da shanun Holstein da aka kawo daga can. A 2024 aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta tarayya. Kowane taro a kan rikicin manoma da makiyaya yana ƙarewa da kiran a killace shanu a inganta iri. Ina goyon bayan a ƙara yawan nono, domin yaranmu suna bukatarsa. Abin da nake tsoro shi ne masu kuɗinmu su kwaikwayi injin tatsa da allurar baye, su bar dokokin kula da dabba da likitocin sa ido da ke tare da su a can. Saniyar ƙasar sanyi da aka kulle a ƙarƙashin kwano a zafin watan Afrilu na Sakkwato, babu fanka babu ruwan feshi saboda an ɗauke wuta, azabarta za ta fi ta 'yar'uwarta da ke Turai. Tun yanzu ya kamata sabuwar ma'aikatar ta rubuta ƙa'ida a kan inuwa da ruwa da filin motsi, da abin da za a yi da maruƙa maza, kafin gonakin su yi yawa su fi ƙarfin mai faɗa a ji. Kuma tun da a Turai ma wasu manoma sun fara komawa barin maraƙi tare da uwarsa na wasu watanni, zai zama abin kunya mu yar da abin da muke da shi a daidai lokacin da su Turawan suke nemansa.

To me zai hana a daina gaba ɗaya?

Na koma kan ɗan 'yar'uwata. Masu ra'ayin ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta farko a Ingila a 1944, suna cewa tun da mutum zai iya rayuwa ba nama ba nono, duk wahalar da aka ɗora wa dabba ta zama zalunci marar dalili. Ba na yi musu izgili, domin sun ga wani abu na gaskiya, kuma sun fi mai cewa dabba ba ta jin komai kusa da daidai. Idan mutum ya bar nama don ransa bai so, ba tare da ya haramta wa kowa ba, wannan tsakaninsa da cikinsa ne.

Amma a matsayin shawara ga al'umma, ra'ayin an ɗinka shi ne a kan jikin wasu mutane. Wanda ke da kanti cike da nau'o'in abinci da ƙwayoyin ƙarin sinadari zai iya cewa nono ba dole ba ne. Uwar da ke ƙauyen Katsina ko Zinder, wadda ɗanta ke fama da tamowa, ludayin nono a cikin kunu ko ƙwai ɗaya shi ne abin da ke tsakanin yaron da gadon asibiti. Sannan akwai ƙasar da ba ta noma. A Nijar, doka ta shata iyakar noma ta arewa tun 1961, abin da ke bayanta na kiwo ne. A Azawak da kewayen Agadas ruwan sama bai isa gero ba, sai ciyawar da mutum ba ya iya ci, saniya da raƙumi da akuya su ne ke mayar da ita abinci. Ka ce wa Buzu ko Bororo ya daina kiwo, ka ce masa ya tashi daga ƙasarsa ke nan.

Akwai kuma wanda zai ce a sha nono amma kada a yanka. Indiya ta gwada wannan. Ita ce ta fi kowace ƙasa samar da madara a duniya, kuma jihohinta da yawa sun hana yanka saniya. Amma duk inda ake tatsa ana haihuwar maruƙa, rabinsu maza, kuma kowace saniya tana tsufa. Sakamakon shi ne shanun da aka saki suna gararamba a tituna suna cin leda, suna faɗa wa gonakin talakawa. Nono da nama igiya ɗaya ce ta ɗaure su, wanda ya sha ɗaya ya shiga lissafin ɗayan ko da bai ci ba.

Shi ya sa na ce wa ɗan 'yar'uwar tawa, idan abin da ya gani ya dame shi, barin shayi da madara ba zai shayar da saniya ko ɗaya a kan hanyar Legas ba. Gara ya je kara ranar kasuwa ya ga yadda ake lodi, ya je mayanka da asuba ya ga yadda ake kayar da sa a gaban 'yan'uwansa, da yawan shanu masu ciki da ake yankawa a zubar da 'yan tayi a kwata. Sarkin Fawa da shugabannin 'yan kara mutane ne da ake iya zama da su, kuma sun fi jin maganar limamin unguwarsu a kan ta jami'in gwamnati. A shekarun da na yi ina sauraron huɗubar Juma'a, na ji an yi bayanin shekarun ragon layya da aibin da ke hana shi wadatarwa sau da yawa, har da batun karyayyen ƙaho da yankakken kunne. Ban taɓa jin an yi huɗuba guda a kan yadda ragon ya iso kasuwa ba, ƙafafu huɗu a ɗaure, a cikin but ɗin mota, tun daga Maigatari.